Kujerar Baba Kumfa a Gindin Tukunyar Gas

Kafin masu shaguna su buɗe, Baba Kumfa ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jera tukwanen gas a inuwa, ya kaɗa ruwan sabulu a wani bokiti da ya daɗe da rabuwa da mariƙinsa. Duk tukunyar da ya cika sai ya shafe bakinta da kumfa, ya tsuguna ya zuba mata ido. In kumfar ta kwanta, ɗauki abinka. In ta fara tasowa tana fashewa, akwai yoyo, kuma ko kai wane ne ba ka fita da ita. Nan ya samo sunan. Mai wannan rubutu ma ya sha zaman benci yana duba agogo irin na manyan mutane, Baba ko ɗago kai bai yi ba.

Amma ba don kumfa kaɗai ake wannan jinjina ba.

Yayarsa abincin sayarwa take dafawa a bayan tasha, da itace, kuma da wannan murhun ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Hayaƙi ya yi ta cin idonta har likita ya ce ko ta rabu da shi, ko ta rabu da gani. Ta ce sana'a ba ta baruwa, gas kuwa bam ne da aka yi wa fenti.

Bai yi musu ba. Ya ɗauko tukunyar gas da murhunta ya haɗa mata.

"Auta, ɗauke min wannan abin. Ban raine ka don ka tashi da ni sama ba."

"Yaya, jiya fa gishiri kika zuba min a shayi."

"Da gangan na yi."

Sai ya jawo 'yar kujera, ya zauna, ya jingina bayansa da tukunyar.

"In ta fashe, ni za ta fara ɗauka. Ke sai ki samu damar gudu."

"Da wace ƙafar?"

Shi ya kunna ranar, shi ya kunna washegari. Kullum da safe, lokacin da ciniki ya fi tafiya, sai ya rufe rumfarsa ya je ya zauna. Masu saye suka koma wani wuri, matarsa ta yi magana har ta gaji. Sauran masu abinci suka ja bencinansu nesa. Wani direba da ke cin nasa a tsaye, ƙafa ɗaya a shirye, ya ce, "Baba, ka dai bar wasiyya ko?"

"Na bari. Bokitin naka ne."

Wata safiya wata tukunya mai yoyo ta riƙe shi a rumfa. Ya taho da sassarfa, yana tunanin zai tarar an koma itace. Sai ya iske abinci na tafasa a kan shuɗiyar wuta, bakin tukunyar gas shafe da kumfar wanke-wanke, Yaya kuma zaune a kujerarsa, ta jingina.

"Ka makara," in ji ta. "Kai kujerar nan wurin maƙwabciyata, tun jiya take leƙe."

Haka kujerar ta shiga yawo. Duk wadda ta sayi sabuwar tukunya, Baba zai zauna mata har sai ta ce da bakinta, "Tashi haka nan." Daga masu abinci ta je wurin masu shayi, ta je gidan burodi, ta hau bayan babur zuwa ƙauyuka. Mai walda ya koma ƙera murhu, masu kai tukwane suka samu abin yi. Manya na ta taro a kan babban bututun gas da za a janyo da arzikin da zai kawo wa yankinmu, Allah ya ida nufi. Sai dai bututu yana da inda yake tsayawa. Daga nan zuwa madafa, sai an samu mai zama.

Baba, kai ne ka zauna. Kai ne ka ba tsoro bayanka ka jingina, mu masu dogon bayani muna leƙe daga bakin ƙofa. Yanzu gwiwa ta ƙi tsuguno, ka miƙa wa 'yarka soso da bokiti, direba kuwa sai haƙuri. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Duk mai son mutanensa su karɓi sabon abu, ya rage jawabi, ya nemi kujera.

Idon Yaya bai dawo duka ba, amma abin da ya rage ya tsaya. Ranar da Baba ya ajiye aiki ita ta haɗa masa shayi. Ya kurɓa, ya ji gishiri, ya yamutsa fuska.

"Yau kam ina gani sarai," in ji ta. "Shanye."