Karin Hular Baba

Mahaifina ya yi shekara da shekaru yana sayar da huluna a bakin titi a Bronx, nan ƙasar waje da muke zaune, amma bai taɓa ɗora ko ɗaya daga cikin hajarsa a kansa ba. Teburinsa cike yake da hana-sallah da hulunan sanyi da malafar Turawa, kuma ya san asalin kowacce kamar shi ya raɗa mata suna. Idan mai saye ya ɗaga wadda ake kira Fanama, sai Baba ya ce a ƙasar Ikwado ake saƙa ta, sunan kawai aka ba wata ƙasa. Jar dara kuwa, wai fatake ta biyo daga ƙasashen Larabawa har ta iso Kano. Ni kunya ke kama ni, don bawan Allah ya zo sayen hular sanyi, yana karkarwa, ana yi masa darasi.

Tasa hular ɗaya ce, zanna mai ruwan toka da ratsin shuɗi. Kowane namiji da irin yadda yake karya hularsa, kuma na Baba daban ne. Yatsu biyu yake sawa ya danna gabanta, ya ɗan turo saman gefe, ya gama ba tare da ya dubi madubi ba. Daga nesa, cikin masu fitowa daga masallaci a unguwar Morrisania, da wannan karin nake gane shi.

Ciwon kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Aka raba kayansa, wasu aka yi sadaka da su. Ni hular kaɗai na ɗauka, da karinta yadda hannunsa ya bar shi ranar da aka kai shi asibiti, da baƙin zufa a bakinta. Na ajiye ta a saman durowa. Ban yarda ko yarana su taɓa ta ba. Idan na dawo daga aiki zuciyata ta yi nauyi, sai in tsaya in kalle ta, don abin da ya rage mini ke nan na aikin hannunsa.

To, a garin nan babu masu wankin hula, kuma wanda ya jefa tasa cikin injin wanki sai dai ya yi mata addu'a. Saboda haka mazanmu tara su suke yi a leda, duk wanda zai je gida a ba shi, ya kai wa masu sana'ar a Kano. Can za a jiƙa, a goge da buroshi, a sa sitati, a ɗora kan katako ta bushe, ta dawo tana tsaye. Mijina direban tasi ne, kuma a kan durowar nan yake jibge nasa.

Na yi kwana uku a unguwar Flatbush wajen wata tsohuwa da nake aikin jinyarta. Da na dawo na ga saman durowa wayam.

"Baban yara, ina hular Baba?"

"Ai na haɗa da nawa na ba mai tafiya," in ji shi, har da murmushi. "Na ga ta yi dauɗa ne. Hular Baba ai bai kamata ta zauna haka ba."

Na faɗa masa maganganun da har yau nake neman gafararsu. Shi kuwa sai "sori, wallahi ban sani ba" yake maimaitawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san girmamawa ce ta sa shi. Na kira mai tafiyar ya fi sau goma, na bar masa saƙon murya ina kuka. Da ya amsa, sai ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, tun jiya na kai. Mai wankin nan gwani ne, za ki ga aiki."

Bayan mako shida hulunan suka dawo. Na ga aiki kuwa. Launin ya fito fes, shuɗin da na manta yana da haske ya dawo, babu zufa, babu kari. Tana tsaye sak kamar yanzu aka ciro ta daga shago, kowa ma zai iya cewa tasa ce.

Mijina ya ce zai gwada karya ta, na ce kada ya soma. Na jira suka fita duka. Na buɗe hotunan Baba a waya, na jingina ta da kofi, na zauna da hular a cinyata. Na sa yatsu biyu daidai inda yake sawa, na yi bisimilla, na danna. Sitatin ya yi ƙara, hular ta karye.

Na ɗaga ta na duba. Kari ya zauna daram, mai kyau ma, kuma ba zai goge ba sai an sake wani wankin. Amma na wani mutum ne da ban taɓa gani ba.