Faranti Mai Rami Ɗari Huɗu

Yayata ta yi shekara goma sha tara tana aiki a wani ɗakin da ko atishawa ba a yi sai an fita waje. Zaren gilashi take sakawa, siriri kamar gashin kai. Ni dai abin da na fahimta, akwai ƙaton madubin hangen taurari, a bayansa faranti mai ramuka, kowane rami na tauraro ɗaya. Zaren ne ke ɗauko hasken ya kai wa na'urar da ke raba shi launi-launi.

Da za su ƙera sabon faranti, injiniyansu ya zo da ma'auni ya auna yatsun Yaya, domin duk ɗakin babu mai siririn hannu irin nata. A kan wannan awon ya tsara tazarar ramuka ɗari huɗu. Ranar ta dawo gida sai wani yanga take, ko tsintsiya ba ta taɓa ba.

Shekara biyu ana zane da gyara, sai gaɓoɓin yatsunta suka fara kumbura. Zobenta da sabulu muka cire shi. Na ce ta faɗa musu tun kafin a huda farantin, ta ce in rufe mata baki. Wallahi na ji haushinta, amma tsoron da na gani a idonta ya fi haushin. Kullum da safe sai ta jiƙa hannun a ruwan ɗumi, ta ɗauko rariya tana zura tsinke a ramukan. Ko wayarta ta yi ƙara sai ta duba ko daga wurin aiki ne.

Ranar gwaji ta saka ɗari uku lafiya lau. A tsakiyar farantin, inda ramukan suka cunkushe, yatsan ya ƙi shiga. Ta danna, zare uku suka karye. Injiniyan ya tambayi abin da ya faru, sai ta shimfiɗa masa hannuwanta a kan tebur.

Ta dawo da la'asar, ta zauna bakin gado ko takalmi ba ta cire ba.

"Ba su kore ni ba," ta ce. "Cewa suka yi in koya wa wata. Ƙanwata, yarinyar ta miƙo mini zaren in nuna mata, na kasa kama shi."