Gajiyar da Fura Ba Ta Magani

A gidanmu na Likoro, tatsuniya ba ta jiran dare ya yi nisa. Ana idar da magariba kakarmu Iya Hansai za ta tura totuwa cikin murhu, ni da ƙanena Sale mu tsuguna muna jiran masarar da take gasa mana. "Ku matso," za ta ce, "ta yau gajeruwa ce."

Akwai wadda ban manta ba. Wani manomi ya dawo daga gona ya kwanta a zaure, ya ce ya gaji. Matarsa ta dama masa fura, ƙannensa suka karɓe masa noman, aka yi masa tausa da man shanu. Kwana uku bai tashi ba. Sai wata tsohuwa mai tallan daddawa ta leƙo, ta ƙare masa kallo, ta ce, "Ina bijimin nan naka mai farin goshi?" Ashe bijimin ya mutu tun farkon damina, kowa ya ce ai dabba ce. Tsohuwar ta sauke tallanta, ta ce ya ba ta labarin bijimin. Ya yi ta faɗa har ya yi kuka. Washegari ya ɗauki fartanya.

"Gajiya biyu ce, 'ya'yan nan," in ji Iya. "Ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙirji. Fura ba ta kaiwa ga ta biyun."

A lokacin masarata kawai nake hurawa.

Bara Sale, da ke aikin gonar tumatir a Sifaniya, ya turo mini saƙo: "Yaya, mai gonar ya dube ni ya ce abatido. Wai na gaji." Na duba kalmar a waya. Turanci ya ba ta fassara biyu: wanda aiki ya galabaitar, da wanda zuciyarsa ta karaya. Har na rubuta masa ya samu ya huta, sai na goge. Wata huɗu ke nan da rasuwar Iya, kuma bai samu zuwa ba, a waya aka yi masa ta'aziyya.

Na kira shi. Muka gaisa, ya ce lafiya lau, aiki ne kawai. Na ce ina jinsa, ban kashe ba. Sai ya tambaye ni.

"Yaya, ta ambace ni kuwa?"

Na jawo kujera na zauna, na fara ba shi labari tun daga ranar da ta kwanta ciwo.