Lomar da na ci don auren ƙanwata

A shekarun baya, kafin yaƙin nan ya watsa mutane, ni ne na fi kowa ƙiba a ƙauyenmu da ke gefen Hasahisa. Ina da hawasha, gonar ban-ruwa da na gada wurin mahaifina, amma na daina taka ta, don tafiya bakin tur'a, magudanar da ke kawo mana ruwan, kawai takan sa ƙirjina ya riƙa ƙara kamar tsohon injin ruwa. Salla a kan kujera nake yi. Ciwon sukari ya shigo, hawan jini ya biyo shi, mutanen gari kuwa suna shafa mini tumbi suna cewa ni'ima ce. Ban yi karatu mai nisa ba, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru, ba ado.

Ƙanena da ke aiki a Saudiyya shi ya matsa aka kai ni Hartum, aka yi mini amaliyya, aka yanke mafi yawan cikina aka ɗinke saura. Likita ya ɗauko finjalin gahawa ya ajiye gabana, ya ce wanga shi ne tukunyata yanzu. Ruwa-ruwa tukuna, sannan abu mai laushi, nama kuwa sai ya ba ni izini. Na ce na ji. Amma a mota, muna komawa, na gargaɗi matata kada ta faɗa wa kowa. Na san mutanenmu. Za su ce Allah ya ba mutum ciki lafiyayye ya kai an yanka kamar na rago. Sai muka ce aikin ƙaba aka yi mini. Wautata ta farko ke nan.

Ɗinkin bai gama warkewa ba mijin ƙanwata ya ce zai yi mini karama, wato yankan godiya da muke yi idan mutum ya tashi daga ciwo. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Yana da halin nan da muka kwasa wurin maƙwabtanmu Larabawa: in baƙo ya ƙi cin abinci, sai mai gida ya rantse da sakin matarsa. Kowa a ƙauyen ya san saki biyu sun riga sun tafi ta wannan hanya, ɗaya ma a kan direban lori da ya ƙi tsayawa shan shayi. Igiya ɗaya ta rage wa ƙanwata, ga 'ya'ya cike da gida.

Da hantsi aka yanka rago, aka shimfiɗa tabarmi a diwan, ɗakin baƙi, maza suka zagaye siniya, babban faifan abinci. Aka fara kawo marara, ɗanyar hanta da tumbi da albasa, an zuba barkono har sun yi ja. Ni ina gefe ina kurɓar romo. Mijin ƙanwata ya ce in matso, na ce na ƙoshi. Dattawa suka fashe da dariya, wani ya ce tun yana yaro bai taɓa jin kalmar nan daga bakina ba, a duba ko ni ne aka dawo da shi daga Hartum. Na ce likita ya hana. Mai gida ya ce ina ruwan ƙaba da hanta, ai ba a maƙwabtaka suke ba. Kafin in buɗe baki ya miƙe, ya ɗaga hannu, ya rantse da saki sai na ci marara da gasasshen naman da ya tura gabana.

Har daga sashen mata aka daina buga turmi. A lokacin kalma biyu kawai za su fid da ni, in ce an yanke mini ciki, in roƙe shi ya bar rantsuwarsa a kan ɗanɗanawa. Amma na dubi fuskokin da suka gama yi mini dariya, na ji kunya ta fi ƙarfina. Na sa hannu na ci. Na ci kamar yadda suka san ni da ci, ina haɗiya ba tauna, suna tafi suna cewa zaki ya dawo.

Ban kai ƙofar gida ba na durƙusa. Amai, zufa, ciwo kamar ana murɗa wuƙa ƙarƙashin haƙarƙari, sai kuma jini. A bayan motar ɗaukar albasa aka kai ni asibiti. Likitan ya ɗaga jalabiyata ya ga tabon, ya tambayi wane mahaukaci ya ba mai sabon ɗinkin ciki ɗanyen nama. A gaban mijin ƙanwata ya yi tambayar, da rabin dattawan da na ɓoye wa. Na yi kwanaki da roba a hanci. Sirrin da na kusa mutuwa a kansa ya zaga ƙauye kafin magariba.

Ƙanwata ta zo duba ni ba ta kawo ko kuka ba. Ta ce mu biyun, ni da mijinta, jakai ne. Ta ce ta gaji da a riƙa ajiye aurenta a kan siniya kamar gishiri, kuma da ta koma gidanmu da kayanta ya fi mata sauƙi da ta zauna makokina. Mijinta ya tsaya yana murza hula, ya ce da na faɗa masa gaskiya da ko romon ma shi zai riƙe mini cokali. Gaskiya ya faɗa.

Yanzu na rame, fata ta saki, tela ya rage jalabiyoyina, ƙwayoyin ƙarin jini ba sa rabuwa da aljihuna. Wasu har yau cewa suke mugun ciwo gare ni. Su faɗa. Ina taka ƙafa zuwa gona, goshina yana taɓa ƙasa a sujada. Duk inda za ni da finjalina nake tafiya, in ajiye shi bakin siniya kafin kowa ya yi bisimilla, in ce an yanke mini ciki, wanga ne rabona.

Duk wanda za a yi wa irin aikin nan, ya faɗa wa mutanensa tun bai zauna cin abinci da su ba. Dariyarsu ta yini ɗaya ce, ɗinkin ciki kuwa in ya ɓalle ba dattijon da zai ɗinke shi. Ku kuma masu rantsuwa, ku bar matanku su huta. Mijin ƙanwata dai bai ji ba. Kwanan baya ya ga na miƙa hannu wajen tsoka ta biyu, ya miƙe zai rantse kada in ci. Sai da na toshe masa baki da tafin hannuna.