Ranar da Na Goge Burauzarmu da Hannuna

Shekarun baya, lokacin da nake koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Birnin Kudu, ni da wani abokina mai gyaran waya mun ƙera burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Na ce mun ƙera ne don in ji daɗin bakina. Gaskiyar magana, akwai wata buɗaɗɗiyar manhaja da wasu bayin Allah daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta, suka bar rubutun a fili, kowa ya ɗauka kyauta ya gyara, da sharaɗin shi ma ya bar nasa gyaran a fili. Ita muka ɗauka, muka rage mata nauyi don ta hau ƙananan wayoyi, na mayar da duk rubutun cikinta Hausa, muka sa farashin hatsi na kasuwannin kusa da hasashen ruwan sama a shafin farko. Amma da za ka ji ni a majalisa a lokacin, sai ka rantse ni na ƙirƙiro intanet ɗin gaba ɗaya.

A Birnin Kudu ba ta wani karɓu ba. Inda ta samu shiga shi ne Gwaram da ƙauyukanta, ta hannun wani mai shagon cajin waya a bakin kasuwa, wanda duk wanda ya kawo caji sai ya tura masa ita. Ƙauyenmu na asali yana bayan Fagam, kuma marigayi mahaifina ya daɗe yana koyar da karatun allo a can. Don haka mutane ba su ma riƙe sunan da muka raɗa mata ba, sai dai su ce "ta ɗan gidan Malam". Idan ta ce an yi kaza a kasuwa, to an yi kaza.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne abin yana cin kuɗi. Akwai kwamfutar da muke haya a wata ƙasa, wadda daga cikinta farashin yake zuwa wayoyin mutane, kuma da dala ake biyanta duk wata. Yawan masu amfani, yawan kuɗin haya. Na sa wani maballi na neman gudummawa a can ƙasan shafi, da ƙananan haruffa, saboda kunya. Shekara guda yana nan, sau ɗaya aka taɓa danna shi, kuma ni ne, ina gwada ko yana aiki.

Wata rana abokina ya zaunar da ni a shagonsa ya ce, "Malam, ni fa na gaji. Kai albashinka, ni cinikin shago, duk a nan suke ƙarewa. Manyan burauzojin duniya ma da talla suke ci. Mu su wa?"

Na ce ba na son a ɓata mana shafi. Ya ce talla ɗaya ce tak, akwai wani kamfanin dillancin talla da zai riƙa turowa, mu kuma a biya mu gwargwadon yadda ake dannawa. Na kafa sharaɗi: ban da caca, ban da giya, ban da bashin ruwa, ban da hotunan banza. Ya nuna min wurin da ake zaɓar abin da ba a so, muka zaɓe su duka. Na tashi ina jin na kare addinina da mutuncina. Shi ya riƙe lambar sirrin da ake kunna tallar da kashe ta, ni ko tambaya ban yi ba.

Da yake rubutun manhajarmu a fili yake, bayan 'yan makonni wata mata da ban sani ba, ɗaya daga cikin masu aikin sa kai a uwar manhajar, ta bar mana saƙo da Turanci. Ta ce ta duba gyaran da muka yi, ta ga akwatin tallar launinsa ɗaya da akwatin farashi, kuma babu wata alama da ke nuna talla ce. Ta ce masu amfani za su ɗauka maganarmu ce. Na nuna wa abokina, ya ce idan aka rubuta "talla" a kai babu mai dannawa. Na rubuta mata godiya, na ce za mu duba. Ban duba ba.

Farkon damina ne, shuka ta fito, kowa hankalinsa yana kan taki. Ranar kasuwar Gwaram, ina tsakiyar darasi da hantsi, mai cajin waya ya kira ni sau uku a jere. Na fita baranda na ɗauka.

Ya ce, "Malam, wannan rajistar takin da kuka saka, yaushe za a fara rabawa?"

Na ce, "Wace rajista?"

Ya ce, "Ta cikin burauzarku. Wadda aka ce a biya rabin kuɗi a samu buhu a farashin tallafi. Mutane sun fi mako suna biya. Yau aka ce su zo kasuwa su karɓa. Ga su nan tun safe, babu mota, kuma lambar da aka bayar a kashe take."

Na buɗe wayata. Ni tallar makarantar koyon kwamfuta nake gani, don kamfanin yana raba tallar ne gwargwadon inda mutum yake. Na ce wa mai cajin waya ya ɗauki hoto ya turo min. Ga shi kuwa, da Hausa tsaf, har da hoton buhu, a ƙarƙashin farashin gero daidai, launi ɗaya, rubutu iri ɗaya. Ko ni da na ga wannan zan ce mu muka rubuta.

Ya ƙara da cewa, "'Yan ƙauyenku sun fi yawa. Sun koma wajen dagaci, ya ce a neme ka. Kuma gwaggonka tana cikinsu."

Gwaggona ƙanwar mahaifina ce, mijinta ya rasu, ita ke noma gonar da ya bari. Ni na saya mata wayar, ni na saka mata burauzar, ni na ce mata duk abin da ta gani a shafin farko ta yarda da shi.

Ban tuna abin da na ce wa shugaban makaranta ba. Na dai ga kaina a tasha, cikin bas ɗin Gwaram, ana jiran mutum biyu ta cika. Na biya kuɗin kujerun don mu tashi. Abokina ya tafi Kano sayen kayan gyara, na yi ta kira ba ya ɗauka. Sai da muka yi nisa ya amsa, hayaniyar kasuwa a bayansa. Na gaya masa komai, na ce ya kashe tallar yanzu.

Ya ce, "Tsaya tukuna. Ba mu muka saka ba, kamfanin ne. Mu kai musu ƙorafi su cire wannan ɗaya."

Na ce, "Kwana nawa za su ɗauka?"

Ya ce, "Ban sani ba. Amma ka san ƙa'idarsu, idan muka kashe gaba ɗaya kafin ƙarshen wata, duk abin da aka tara mana ya tafi. Kuma da shi za mu biya hayar kwamfutar."

Na ce, "Yanzu haka da muke magana wani yana iya tura musu kuɗi."

Ya ce, "Malam, kai kana da albashi. Ni jarin shagona na zuba a abin nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya ƙara min zafi. Na ɗaga murya har wani dattijo da ke kusa da ni ya dafa min gwiwa. Na ce ya ba ni lambar sirrin in kashe da kaina. Ya ce ba ya tare da ita a ka, tana cikin kwamfutarsa, zai duba idan ya samu wuri. Daga nan layin ya yanke. Har yau ban sani ba ko sabis ne ya ɗauke ko shi ya kashe, ban kuma taɓa tambayarsa ba.

A Gwaram mai cajin waya ya rufe shagonsa ya ɗauke ni a babur. Da muka wuce Fagam, ya ce, "Ni ma fa nemana suke, don ni na tura musu ita."

Mun iske ƙofar gidan dagaci cike, bayan azahar. Maza a kan tabarmi, mata a gefe ƙarƙashin darbejiya. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taso min. Gaisuwata kawai aka amsa a gajarce, mutanen da a da idan na zo sai sun riƙe hannuna suna tambayar iyali. Na hango gwaggona, ta sunkuyar da kai tana juya wayar a hannunta.

Dagaci ya ce, "Malam, zauna. Tambaya zan yi maka, ka ba ni amsa a gaban jama'a. Takin nan naku ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba namu ba ne. Babu ma takin. 'Yan damfara ne."

Aka ɗan yi gunaguni, ya ɗaga hannu. Ya ce, "To yaya aka yi ya shiga cikin abinku?"

Na yi ƙoƙarin bayani, dillalin talla, kamfani a wata ƙasa, ba mu muke zaɓa ba. Ina magana ina jin yadda take fita kamar ta mai neman zillewa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ana biyanku idan mutum ya taɓa wajen?"

Na ce, "Ana biya, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ke nan da 'yar'uwar mahaifinka ta taɓa, kun samu wani abu."

Na ce, "Haka ne."

Ya miƙo min wayarsa. Ya ce, "Buɗe mu gani. Yana nan, ko kun cire?"

Sabis ɗin garin ba shi da ƙarfi. Na danna, shafin ya tsaya fari, alamar jiran nan tana ta zagayawa. Ina addu'a a zuci Allah Ya sa abokina ya kashe. Farashin gero ya fito. Na dawa ya fito. Sai hoton buhun ya sauko a hankali, daga sama zuwa ƙasa.

Na juya wayar na nuna masa. Na ce, "Yana nan. Kuma ba ni da ikon cire shi yanzu. Abin da zan iya shi ne in cire burauzar gaba ɗaya. Ina roƙon duk mai ita ya ba ni wayarsa in goge, kuma a aika ƙauyukan kusa a ce kowa ya goge."

Na fara da ta dagaci. Daga nan aka riƙa miƙo min ɗaya bayan ɗaya, ni da mai cajin waya muna gogewa. Aikin shekara biyu ne, kuma kowace waya ba ta ɗaukar ko minti ɗaya. Da na zo kan gwaggona na durƙusa. Na ce, "Gwaggo, ki yafe min." Ta miƙo wayar, ta ce, "Riɗin da na ajiye ne na sayar. Na ga naka ne shi ya sa ban yi shawara da kowa ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, labari kawai take ba ni.

Kafin mu tashi wani tsoho, wanda suka yi karatu da mahaifina, ya kira ni gefe. Ya ce, "Yaro, da ka gaya mana abin nan yana cin kuɗi, ai da mun san yadda za mu yi. Injin ban ruwan fadama ma karo-karo muke yi mu sa masa mai. Me ya sa ka ɓoye?" Na ce kunya nake ji. Ya ce, "To ga shi ka ji wadda ta fi ta."

Abokina ya kashe tallar dab da la'asar, muna hanyar komawa. Ya turo min saƙo na kalma ɗaya: "Na kashe." Mun kai ƙara, mun rubuta wa kamfanin, sun amsa da cewa sun rufe asusun mai tallar kuma suna ba da haƙuri. Kuɗin mutane bai dawo ba. Ni da abokina muka haɗa abin da za mu iya, muka sayi taki aka raba a ƙofar dagaci, bai kai rabin abin da aka rasa ba. Gwaggona ta ƙi karɓa, ta ce a ba waɗanda ba su da ɗa mai albashi. Masararta ta yi ja a shekarar saboda rashin taki, na gani da idona.

Burauzar ta dawo bayan kaka, ba talla. Ƙungiyar manoman yankin ce ta ce za ta riƙa ɗaukar hayar kwamfutar, suna haɗa hatsi a sayar. Ba ta sake kaiwa yawan da ta kai a da ba, wasu sun goge ke nan har abada, kuma ban ga laifinsu ba. Abokina ya cire hannunsa. Muna gaisawa, na je sunan 'yarsa, amma ba mu ƙara zama mun yi hira irin ta da ba. Na daɗe ina ɗora masa laifin, sai daga baya na yarda cewa shi aƙalla ya fito ya ce ya gaji. Ni kuwa na fi son a riƙa yabona a kan kyautar da ba ni da ƙarfin yi.

Ban ce talla haramun ce ba, kuma ban ce masu rubuta manhaja kyauta su zauna da yunwa ba. Wani dole ya biya, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Abin da na sayar a lokacin ba fili ba ne a shafi, yardar da mutane suka yi wa gidanmu ce, kuma ban ma tsaya na tambayi wa zai saya ba.

Gwaggona ta rasu bara. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko da wasa. Na so a ce ta yi min faɗa ko sau ɗaya ne.