Abin Da Ya Kai Shi Sabon Gari

Yayana tela ne a Fagge, tun Turawa ba su tafi ba. Duk wanda ya rasu a layinmu, ɗan gari ko baƙo, shi ke ɗinka masa likkafani, bai taɓa karɓar ko anini ba. Farin yadin ma shi yake saye a kasuwar Sabon Gari.

Wata Laraba da hantsi ya je sayowa, ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfa. Ko hamsin bai cika ba. Mai rumfar, wani Kirista mutumin Zariya, shi ya kawo mana gawarsa yana kuka.

Har yau raina yana tafasa idan na tuna zaman makokin. Ina cikin mata, sai na ji wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana raɗa: "Allah ya jiƙansa, amma me ya kai shi Sabon Gari? Can fa gidajen giya suke."

Na miƙe na ɗauko ƙunshin yadin da ya faɗi yana rungume da shi, na jefa mata a cinya.

Na ce, "Ga abin da ya kai shi, Inna. Da irinsa aka rufe mijinki bara."