Amincewar da Baba Bai Yi Ba

Ƙanena ne ya sayi akwatin intanet na gidanmu da guminsa, amma sunan Baba aka rubuta. Haka muke yi a gidanmu: muddin uba na raye, ba a sa sunan ɗa a kan abin da zai zauna cikin gida, ko fitilar ƙwai ce kuwa. Ranar da za a karɓo shi a ajans, ofishin kamfanin da ke bakin kasuwar Gaya, Baba ya zura babbar riga, ya miƙa katinsa, ya dangwala yatsa, ya dawo yana fara'a kamar wanda ya sayi gona. Ko kunna akwatin bai iya ba.

Unguwarmu tana gangaren kogi. Waya a tsakar gidanmu ba ta da alƙibla, yanzu ta kama rezo, wato layin sadarwa, na ƙasarmu, an jima ta tsallake ta kama na Benin, daga ƙarshe ta rasa duka. Akwatin nan da eriyarsa a kan rufi shi kaɗai ke riƙe kira har a ga fuskar mutum. Ƙanen nawa kuwa rumfar takalma gare shi a Yamai, ba ma ganinsa sai da salla.

Daga baya Baba ya faɗi a gonar shinkafa. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke ɗungurungum, kunne kuwa dama ya riga ya yi nauyi. Ni nake jinyarsa, tunda na dawo gida bayan rasuwar mijina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abinci. In na kawo cokali sai ya datse haƙora, ya juya fuska ga bango. Na yi lallashi, na yi kuka, har faɗa na yi, don ni ba a san ni da haƙuri ba.

Wata rana bayan la'asar ƙanena ya kira, na jingine wayar a kan matashi. Yana cikin rumfarsa da kwanon shinkafa a gabansa. Ya ɗaga loma ya nuna wa Baba, ya kai baki. Sai na ga Baba ya buɗe nasa bakin. Nan da nan na zuba masa kunu, ya haɗiye. Tun daga ranar haka muke yi: ɗa ya ci a Yamai, uba ya ci a Gaya, ni ina tsakani da cokali. Har kumatunsa suka fara dawowa.

Ana nan sai hoton ya fara sandarewa. Ƙanena zai ɗaga loma, hannun ya tsaya a sama, ya ƙi sauka. Baba ya zuba masa ido yana jira, bakinsa a rufe, kunun ya huce a hannuna. Na goge eriya, na cire wayar wutar akwatin na mayar, na zagi akwatin har da wanda ya ƙera shi. Da abin ya ƙi, na yafa mayafi na nufi ajans.

Ma'aikacin ya danna injinsa, ya ce an canza mana kwantara, wato yarjejeniyarmu da kamfanin. An mayar da mu wani sabon tsari, wanda in an ci wani adadi na intanet sai gudun ya ragu har ƙarshen wata, an kuma ƙara mana shekara guda. In mun fita kafin lokacin, akwai tara, kuma akwatin ba ya aiki da layin wani kamfani.

"Wa ya ce ku canza?" na tambaye shi.

"Mai kwantara, Hajiya. An kira shi daga Yamai, ya amince."

"Da wane baki? Mutumin da tun damina bai ce uffan ba? Sa mini muryar in ji!"

Ya ce ba a nan ake ajiye murya ba. Ya ce kuma ba zai iya karɓar ƙorafi daga gare ni ba, sai daga mai suna, da kansa.

Wani maƙwabcinmu, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce mini ba su da ikon taɓa kwantarar mutum ba da yardarsa ba, in matsa su nuna shaida. Na san gaskiyata. Amma gaskiyar ba ta sa Baba ya buɗe baki ba. Ƙanena ya rufe rumfa ya je babban ofishinsu a Yamai, suka ce masa shi ma ba sunansa ba ne. Kunyar da muka ji wa mahaifinmu ita ta ɗaure mu, hannu da ƙafa.

Na gwada komai. Na tallabi waya na hau tudu, sai dai Baba ba ya hawa tudu. Na sa masa muryar ƙanena zalla a kunne, bai ji ba. Na zauna gabansa na ɗaga loma kamar yadda ƙanena ke yi, ya dube ni, ya juya ga bango. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ranar da na ga ƙasusuwan wuyansa sun fito, na ce to, mai suna suke so, za su gan shi. Muka naɗe shi a bargo, muka ɗora shi a keke mai ƙafa uku, muka ratsa ta tsakanin manyan motocin da ke jiran duwan, masu binciken kaya a kan iyaka. Kowane rami muka faɗa sai ya runtse ido. A ƙofar ajans na ɗaga murya har masu sayar da kifi suka waiwayo.

"Ga shi nan! Ga wanda kunka ce ya amince! Ku tambaye shi!"

Ma'aikacin ya fito, ya durƙusa, ya ce, "Sannu, Baba." Baba ya dube shi, miyau na bin gefen bakinsa. Mutumin ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne, na gani. Ya karɓi ƙorafin, ya ce zai tura Yamai, amma amsa ba a hannunsa take ba. Na goge wa Baba baki da bakin mayafina a gaban jama'a, mutumin da ko hularsa bai taɓa yarda a ga ta karkace ba. A hanyar komawa na yi kukan da ban yi ba ranar da ya faɗi.

Amsa ba ta zo ba. Ƙanena ne ya zo, ya bar rumfar a rufe. Ya zauna a bakin gado da kwano, ya ɗaga loma. Baba ya buɗe baki, amma maƙogwaron ya riga ya gaji, kunun ya dawo. Baba bai kai ƙarshen watan ba.

Bayan an share makoki, ina wanke kwanuka, wayar Baba ta yi ƙara. Muryar mace ce, mai ladabi. Ta ce daga kamfani ne, tana son magana da mai kwantara, akwai sabon tsari da suke so su ji ko ya amince.

Na share hannuna a zane. Na ce, "Ɗiyata, wancan karon ba ku jira ya yi magana ba. Mi za ku jira yanzu?"